Bayan An Ɗauki Hoto: Sharhi Kan "Labarin Nasara" da Matan Maiurno

Akwai wani nau'in rubutu da manazarta adabi ba su cika waiwaya ba, alhali ya fi yawancin littattafanmu yaɗuwa. Shi ne ɗan gajeren labarin da ƙungiyoyin ba da tallafi ke rubutawa kan matar da suka taimaka wa, wanda suke kira "labarin nasara". Mu ma'aikatan rediyo kusan kowane mako sai an ajiye mana irinsa a kan tebur, a ce mu mayar da shi Hausa mu karanta tsakanin labaran duniya da filin gaishe-gaishe. Tunda labari ne mai tauraruwa da zubi da jigo, ya cancanci a auna shi kamar kowane labari. Ma'aunin da na ɗauka shi ne rayuwar matan Hausawa na jihohin Sinnar da Jazira da Shuɗin Nilu a Sudan, domin a 'yan shekarun nan da wuya a samu inda aka jarraba kalmar "ɗorewa" kamar can.

Zubinsa ba ya wuce sakin layi uku. A na farko ga mace mijinta ya rasu, ga yara, ba a ɗora tukunya sai sau ɗaya a wuni. A na biyu ƙungiya ta zo da keken ɗinki, ko awaki biyu, ko ɗan jari. A na uku ta yi murmushi, yara sun koma makaranta, ta yi godiya. A gefe kuma ga hotonta riƙe da kyautar. Ba na cewa ƙarya ake yi. An ba da keken, kuma da babu gara ba daɗi. Ƙorafina yana kan abin da zubin ke tilasta wa marubuci ya zubar.

Abu na farko da yake zubarwa shi ne tarihin tauraruwar. Labarin yana fara ta daga ranar da ƙungiya ta gan ta, kamar da can ba ta iya komai ba. To mu dubi Maiurno. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, har suka sauka a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar kaɗan. Garin da suka kafa ya ɗauki sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari, da yawansu maniyyata aikin Hajji masu tafiya a ƙasa, suna cikin waɗanda suka riƙe shema da tsinkar auduga. Matansu kuwa sun zo da sana'arsu: suyar gyaɗa, matsar mai, dama fura, sayar da abinci daga cikin gida. Sun zo kuma da adashi, suka tarar da irinsa wanda Larabawan Sudan ke kira sanduƙ. Macen da kakarta ta ciyar da gida da kuɗin gyaɗa a kan hanyar Makka, a ce yau wani taron bita na kwana uku ne ya koya mata "dogaro da kai"? Idan marubuci ya share wannan, ya mayar da mai hikima almajira, ya kuma ɓoye wa mai ba da tallafi tubalin da ya kamata ya yi gini a kansa.

Abu na biyu, labarin ba shi da dalili. Talauci a cikinsa kamar hazo yake, ya sauka ne kawai. Amma ruwa ba ya tsami banza. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta sharɗanta cewa sai zaman mutum ko na kakanninsa ta wajen uba ya kai ƙarshen 1897, su kuwa mutanen Mai Wurno bayan 1903 suka iso. An sassauta dokar daga baya, sai dai har yau Bahaushen can kan sha tambayoyin da maƙwabcinsa ba ya sha kafin ya samu lambar ɗan ƙasa. A Jazira, leburori da yawa, ciki har da Hausawa da mutanen Darfur, suna zaune ne a sansanonin da ake kira kambo, waɗanda akasarinsu ba a yi musu rajista a matsayin ƙauyuka ba, don haka ba famfo, ba asibiti, ba makarantar kirki. A watan Yuli na 2022, rikicin da ya taso a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu ya ci rayuka sama da 100, dubbai suka gudu, wasu zuwa Sinnar. A watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da 200. Tushen maganar ƙasa ce: wa ke da ita, wa aka ɗauka baƙo. Ina amfanin awaki biyu ga matar da ba ta da tabbacin filin da za ta kafa turke?

Ga misali da kowane ɗan Najeriya zai gane, tunda mun ɗanɗana canjin kuɗi a farkon 2023. A watan Disamba na 2024 gwamnatin Sudan ta sauya takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannunta, kuma hanyar canjin ita ce mutum ya zuba tsohon kuɗinsa a asusun banki. Matar da ta tara ribarta a ƙasan adaka, ba ta da asusu, ba ta da takardar buɗe shi, sai ta nemi wani namiji ta damƙa masa guminta. Wannan tsaka-mai-wuya ba ta da gurbi a sakin layi uku.

Abu na uku ya shafi yara. Labarin nasara kusan kullum da jimla ɗaya yake rufewa: yanzu tana biyan kuɗin makaranta. Amma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matar da ke sana'a a cikin gida ba ita ke kai kaya kasuwa ba. 'Yarta ce ke ɗaukar faranti. Idan jari ya ƙaru, gyaɗar da ake soyawa ta ƙaru, awoyin talla ma sun ƙaru. Idan kuma rance ne mai biya mako-mako, ranar biya ba ta san ranar makaranta ba. Ban taɓa karanta labarin nasarar da ya tambayi wa ke yin tallar ba. Yara suna cikin hoton, amma ba a ji ta bakinsu.

Abu na huɗu, kuma mafi girma, labarin yana ƙarewa da wuri. Ana rubuta shi wata biyu ko uku bayan rabo, lokacin da keken bai nemi gyara ba, akuya ba ta ga rani ba. Masu binciken da suka jira sun ga wani abu dabam. A 2015 an fitar da sakamakon gwaje-gwaje shida kan ƙananan rance, a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Maroko da Indiya, aka ga rancen ya ɗan faɗaɗa sana'o'i amma bai fitar da matsakaicin gida daga talauci ba. A shekarar kuma aka fitar da wani binciken na ƙasashe shida, ciki har da Gana da Habasha, kan tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta ƙirƙiro: a ba mace dabba ko jari, a haɗa mata da kuɗin abinci na ɗan lokaci don kada yunwa ta sa ta sayar, da horo, da wurin ajiya, da mai ziyartarta a kai a kai har kusan shekara biyu. Wannan ya yi tasiri, kuma tasirin na nan shekara guda bayan an janye. Inda ya gaza shi ne Honduras, saboda cuta ta kashe yawancin kajin da aka raba. Darasin a fili yake: abin da ke sa kyauta ta ɗore shi ne ɗawainiyar da ke biyo bayanta, wadda ba ta yin kyau a hoto.

Mu Hausawa ba sai mun je Bangaladash neman misali ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Ba a zuba wa matan ko sisi na jari ba. Adashin da suka sani aka ɗauka aka yi masa gyara: su taru mako-mako, kowa ta zuba, mai buƙata ta ranta ta mayar, a ware wani abu don haihuwa da rashin lafiya, a ƙarshen zagaye a raba. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama, kuma a Nijar wasu daga cikin matan har kansiloli suka zama. Ya ɗore ne domin akwatin nasu ne, makullin ma a hannunsu yake.

Sai dai kada mu yi saurin tafi, don a nan ne Maiurno ke da gargaɗi. Mark Duffield, Baturen Ingila da ya zauna a garin ya wallafa littafi a kansa a 1981, ya zama wakilin Oxfam a Sudan daga baya, sannan ya zama ɗaya daga cikin masu sukar harkar tallafi. A littafinsa na 2007 ya nuna cewa mutanen ƙasashe masu arziki suna da fansho da inshora da gwamnati a bayansu, talakan duniya kuwa sai a ce masa ya dogara da kansa, a sa wa hakan suna "ci gaba mai ɗorewa". Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya gwada wannan magana. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba 2023, suka kama Singa, hedikwatar jihar Sinnar, a ƙarshen Yuni 2024, kafin soja su ƙwato ta a Nuwamba. Dala ɗaya da take wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a 2024. Matar da ta zama ta ƙarshe a kwasar adashi ta kwashi takardu, darajar ta tafi.

Abin da ya riƙe mutane a lokacin shi ne takaya, wato tukwanen unguwa da matasa da mata suka riƙa ɗorawa don ciyar da kowa, bisa al'adar nafir, wadda mu muke kira gayya. Amma ko su, da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairu 2025, masu gudanar da su sun ce kusan kashi 80 cikin 100 sun rufe. Ke nan hikimar ta gida ce, hannayen na gida ne, amma hatsin sai da kuɗi. Wanda ya yabi juriyar mata don ya samu hujjar janye hannunsa, ya ci amanarsu.

Don haka nake ganin labarin nasara, a zubinsa na yanzu, an rubuta shi ne don kunnen mai ba da kuɗi, shi ya sa ba ya iya ɗaukar abin da mai karɓa ta sani. Ga marubutanmu da abokan aikina na rediyo, gyaran ba shi da wuya. A koma gidan bayan damina uku. A tambayi sana'ar da take yi kafin a zo, da wadda uwarta ta yi. A tambayi sunan wa ke kan takardar fili da ta banki. A tambayi wa ke ɗaukar farantin talla, da ƙarfe nawa take dawowa. Idan keken yana ƙarƙashin gado ko an sayar da shi an sayi magani, a faɗa, don shi ma labari ne, kuma ya fi koyar da mai niyyar taimako. A bar matar ta yi magana da tsawon da take so, ko da maganarta ba ta ƙare da godiya ba.

Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.