Kumfar Sabulu da Robar Cincin

Likita ta hura kumfar sabulu sau uku, sannan ta rufe kwalbar ta ɗora a cinyarta, ta yi shiru.

Ɗan ƙanwata, mai shekara uku da 'yan watanni, ya bi kumfar da gudu yana fasa ta da tafin hannu, yana tsalle a kan yatsun ƙafa. Da ta ƙare sai ya tsaya cak. Mu uku ne manya a ɗakin, ni da uwarsa da likitar, kuma babu wanda ya ce uffan, don tun kafin a fara likitar ta roƙe mu kada mu sa baki. Yaron ya zo ya kama wuyan hannunta, ya ja shi ya ɗora a kan murfin kwalbar, kamar wanda ya ɗauki mabuɗi zai zura a kwaɗo. Idonsa na kan kwalbar. Bai ɗaga kai ya dube ta ba, bai waiwayi uwarsa ba. Likitar ta buɗe, ta sake hurawa, ta ɗan rubuta wani abu a takardar da ke gefenta.

Ni dai a lokacin haushi ne ya cika ni. Mun yi sammako, mun sha layi, an ce mana ƙwararriya ce, ga ta zaune dirshan a tabarma tana wasan yara. Ba allura, ba awon jini, ba hoton ƙwaƙwalwa. Sai daga baya na fahimci cewa larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga suna haɗa ta a kwando ɗaya da wasu larurori da ba su da alaƙa da ita, ba a gano ta a jini ko a hoto. A halin yaro ake ganin ta, musamman a yadda yake hulɗa da mutane. Kuma shirun nan da likitar ta yi bayan ta rufe kwalba, shi ne awon.

Ga abin da take jira. Yaro yakan nufi babba saboda dalili biyu: ko yana son a ba shi wani abu, ko yana son a taya shi ganin wani abu. Na farkon kusan kowane yaro yana yi. Na biyun ne ake nema. Ka lura da ɗan shekara ɗaya da rabi in jirgin sama ya wuce: zai nuna shi da yatsa, ya juyo ya dubi fuskar uwarsa, ya sake komawa ga jirgin. Ba jirgin yake so a sauko masa da shi ba, cewa yake yi, ke ma kin gani? Wannan zirga-zirgar ido tsakanin abu da fuskar mutum ita ce tushen hira, tun kafin baki ya buɗe. A 1992 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da ɗan gajeren ma'auni na yara 'yan wata 18 wanda ya dogara a kan irin waɗannan alamu: nuni don a taya ka gani, bin inda wani ya kalla, da wasan kwaikwayo irin na ba 'yar tsana shayi. Ɗan ƙanwata ya nemi kumfa, babu shakka. Amma hannun likitar ya nema, bai nemi ita kanta likitar ba.

Wannan salon awo yana da asali. Catherine Lord da Michael Rutter da wasu abokan aikinsu ne suka tsara shi a 1989, ana kiransa ADOS, aka sake fitar da shi da gyare-gyare a 2012. Yana da rukuni biyar, daga na 'yan tatata da ba su fara magana ba har zuwa na manya masu zuba zance, kuma zama ɗaya yakan ci minti 40 zuwa awa guda. Dabarar ita ce mai awo ya riƙa buɗe wa yaro ƙofa, ya koma gefe ya ga ko zai shiga. Kiran suna ma yana da matakala: mai awo zai kira, in ba a waiwayo ba uwa ta kira, in ba a waiwayo ba ta yi wata muryar wasa da ya saba da ita, sai a ƙarshe a taɓa shi. Matakin da ya amsa a kai shi ake rubutawa. Masu amfani da ma'aunin wajen bincike sai makinsu ya zo daidai da na ƙwararrun da suka horar da su da kashi 80 cikin ɗari kafin a sakar musu mara.

Abin da ya fi burge ni ga likitar shi ne yadda take danne kanta. Duk wanda ya saba da yara, in ya ga yaro ya maƙale, jikinsa ne ke rawa ya taimaka. Mu ma a gida haka muke: kafin ya miƙa hannu an ba shi ruwa, kafin ya yi ƙorafi an buɗe masa ƙofa, har muka rufe wa kanmu ido daga abin da ba ya yi. Ita kuwa tana da fara'a, tana dariya, tana rarrafe da shi a tabarma, amma ta san daidai inda za ta janye. Hannu ɗaya na wasa, ido na ƙirga. Ta sa cincin a roba mai garau ta murɗe murfin tam, ta miƙa masa, ta naɗe hannu. Ya jijjiga, ya ciza, ya buga da ƙasa. Uwarsa ta yunƙura, likitar ta ɗaga mata yatsa ɗaya ba tare da ta dube ta ba.

Littafin ma'aunin ba a Kano aka rubuta shi ba, kuma ta san da haka. Kafin ta kira shi sai da ta tambayi ƙanwata, “Maman yaro, da wane suna ake kiransa a gida? Ke kuma da wanne kike kiransa?” Ɗan fari ne, sunan kakansa gare shi, uwarsa ba ta taɓa furta sunan ba saboda kunya, laƙabi take kiransa da shi. Da likitar ta bi sunan da ke kan katin asibiti, da ta rubuta cewa ba ya amsa sunan da ba a cika kiransa da shi ba. Haka batun haɗa ido. Yaron da aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai gaban manya ba za a ci shi tara don bai ƙura wa baƙuwa ido ba. Saboda haka ta fi sa ido a kan yadda yake duban uwarsa in wani abu ya ba shi mamaki, ta kuma tambayi yadda yake yi da sa'o'insa a tsakar gida. A cikin ma'aunin akwai wasan bikin ranar haihuwa na 'yar tsana, da kek da kyandir. Yaranmu da yawa ba su san wannan ba. Ita sai ta kawo ɗan ƙyalle ta goya 'yar tsanar, ta ɗauko 'yan kwanuka kamar za a yi tuwon ƙasa, ta ce a zo a ba jaririya abinci. Shi kuwa ya ɗauki motar wasa ya kifa ta, ya kwanta da kunci a tabarma yana juya tayar da yatsa, har sai da aka karɓe. Kafin duk wannan ma ta riga ta tura mu awon kunne, don kurma ma ba ya waiwayowa in an kira shi.

Kada a ɗauka yawan shiga mutane ake aunawa. A 1979 Lorna Wing da Judith Gould suka yi bincike a kan yaran unguwar Camberwell ta Landan, suka ga iri uku: akwai mai janye jiki gaba ɗaya, akwai mai bin duk inda aka ja shi amma ba ya fara komai da kansa, akwai kuma mai kutsawa cikin mutane amma ta hanyar da ba ta dace da wurin ba, irin yaron da zai tare baƙo ya yi ta jero masa sunayen motoci ba tare da ya lura mutumin ya ƙosa ba. Wing, wadda ita ma uwa ce ga yarinya mai larurar, ita ta yaɗa fahimtar cewa abin hawa-hawa ne. Na farkon mukan ce miskili ne, na biyun mu yabe shi da haƙuri, na ukun mu ce surutu ne ya yi masa yawa. Mai awo na ƙwarai yana duba abu ɗaya a dukkansu: ana ba-ni-in-ba-ka a hulɗar, ko kuwa hanya ɗaya take tafiya?

Da aka gama wasa sai ta juyo kan uwa, kuma a nan na ga wata gwanintar daban, ta iya tambaya. Ba ta taɓa cewa “yana iya kaza?” ba. Uwa in ka tambaye ta ko ɗanta yana iya sa takalmi za ta ce yana iyawa, kuma ba ƙarya ta yi ba, ta taɓa ganin ya sa. Likitar cewa ta yi, “Jiya da safe wa ya sa masa takalmi?” Wannan bambanci tsakanin abin da yaro zai iya da abin da yake yi kullum ba tare da an tuna masa ba shi ne ginshiƙin ma'aunin Vineland, wanda Edgar Doll ya fara a 1935 a Amurka, Sara Sparrow da abokan aikinta suka sabunta shi a 1984.

Sannan ta shiga maganar gida. Tambayar iyalin irin waɗannan yara tana da mummunan tarihi. Leo Kanner, wanda ya bayyana yara 11 a Baltimore a 1943, ya ambaci cewa iyayensu ba su da sakin fuska, aka ɗauki wannan aka yi ta yayata cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo larurar, Bruno Bettelheim ya ƙara wa wutar fetur da littafinsa na 1967. Sai a 1977 binciken Susan Folstein da Michael Rutter a kan tagwaye ya nuna ƙarfin gado a lamarin. Mu ma muna da namu salon ɗora laifin: ta fita da almuru da ciki, ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ai daga danginta ne. Yanzu in mai awo ya tambayi gida, ba mai laifi yake nema ba. Yana so ne ya san ƙarfin kafaɗar da za ta ɗauki aikin, tunda yaro awa ɗaya yake yi a asibiti, sauran watan duk a gida ne. A Jami'ar Kansas, cibiyar da Ann da Rud Turnbull suka kafa, su ma iyayen mai larura ne, ta fitar da ma'aunin jin daɗin iyali mai tambaya 25 a fanni biyar: zaman 'yan gida da juna, reno, kwanciyar hankali, abin hannu da lafiyar jiki, da tallafin da ake samu saboda larurar. Ba ya tambayar me kuka mallaka, yana tambayar yaya gamsuwarku.

To amma ka miƙa wa Bahaushiya wannan takarda ka ga. Yaya gida? Alhamdulillahi. Yaya fama da yaro? Sai godiya. Da haka ƙanwata ta fara, kuma likitar ba ta musa mata ba. Sai ta ce, “Yaushe rabonki da zuwa suna ko biki?” Ƙanwata ta yi lissafi ta ce an fi shekara. “In za ki shiga wanka wa ke riƙe miki shi? Daren jiya ƙarfe nawa ya yi barci, ke kuma ƙarfe nawa? Me surukarki ta ce yana damunsa?” A wannan ta ƙarshen ne ƙanwata ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Ni yayanta ne, ba a kwana uku ban leƙa gidanta ba, amma a ɗakin nan na fara jin cewa ta sayar da 'yan kunnenta wajen neman magani, kuma maƙwabta sun daina turo yaransu wasa. Likitar ta tambayi abin da aka gwada, rubutu da hayaƙi da ruƙiyya, ba ta yi dariya ba, ba ta yi wa'azi ba. Abin da ta tsaya a kai kawai shi ne ko an taɓa dukansa ko ɗaure shi ko ba shi wani abin sha da ya galabaitar da shi. Addu'a kuwa ta ce a ci gaba. Ta kuma nemi a kwance ƙanwarsa jaririya da ke goye ta ɗan yi mata wasa, don ƙannen mai larurar sun fi sauran yara yiwuwar samunta, kusan ɗaya cikin biyar a binciken da aka bi irin waɗannan jarirai. Ta ce zama na biyu lallai baban yaro ya zo da kansa, ba saƙo ba.

Ma'aunan nan suna da tsada, da Turanci aka tsara su, a kan yaran Turai da Amurka aka daidaita makinsu, kuma masu horon amfani da su a wajenmu ba su da yawa. Su kansu waɗanda suka tsara su sun ce maki kaɗai ba ya yanke hukunci. A ganina wannan ne ya sa idon mai awo ya fi akwatin kayan awo daraja a nan. Ba ta faɗa mana sunan larurar ba sai a zama na biyu, bayan sakamakon kunne ya fito ta kuma ji daga malamarsa ta makaranta. Takardar da ta ba mu ta fara da abin da yake yi da kyau: yana gane hanya, yana haɗa abubuwa masu launi ɗaya, yana zuwa jikin uwarsa in ya ji ciwo.

Aikin gida da ta ba mu na farko shi ne robar cincin. A murɗe murfin, a ɗaga ta kusa da fuska, a ƙirga goma a zuci kafin a buɗe, in ya ɗago ido ko da na ƙiftawa ne a buɗe nan take. Ƙanwata ta iya, mijinta ma ya koya. Hajiyarmu ce dai har yau ba ta kai biyar, sai ta buɗe ta ce ita ba za a sa ta horar da jikanta da yunwa ba.