Girkin Tarago Da Guzurin Uwargida

Yau zancen namu na ciki ne, amma cikin matafiyi, wato abin da mutum ke ci idan ya shiga jirgin ƙasa zai yi doguwar tafiya. Wata za ta ce to ina ruwanmu, tunda mu ba ma'aikatan reluwe ba ne? Ai kuwa muna da ruwa har da tsaki, domin duk ranar da maigida ya ce a shirya za a yi tafiya, ke ce za ki kwana a tsaye kina haɗa guzuri, sannan idan cikin yaro ya ɓaci a tsakiyar daji ke ce dai za ki rasa inda za ki sa kanki.

Mu ɗauki jirgin Ikko zuwa Kano, don shi ne uban tafiya a ƙasar nan. Tun 1911 layin dogo ya iso Kano. Tsakanin Ikko da Kano kilomita 1,126 ne, jirgi ya bi ta Abekuta da Badun da Oshogbo da Offa da Ilori, ya haye Kwara a Jabba, ya wuce Mokwa da Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya kafin ya sauke mutane a Kano. Bayan ya daɗe a kwance an gyara layin an dawo da shi a Disambar 2012, sai kuma aka dakatar da shi a 2022 saboda matsalar tsaro. A shekarun da yake aiki, tafiyar takan ci awa 30 ko fiye, idan inji ya yi gardama kuwa sai abin da Allah ya yi. To 'yar uwa ki lissafa da kanki, cin abinci nawa ne a cikin awa 30? Ga na rana, ga na dare, ga karin kumallo, ga wani na ranar, wani lokaci har da wani daren. Idan kina da yara uku kuwa lissafin ya ɓace, don yaro a cikin jirgi bakinsa ba ya hutawa.

A lokacin akwai tarago guda da aka ware don cin abinci. Abin da aka fi samu a ciki shi ne shinkafa dafa-duka, ko fara da miyar ja, ko teba da miyar agushi, da yankan nama ko kifi a kai, sai lemon kwalba. Kuma in za a faɗi gaskiya, wanda ya ci da wuri, jirgi bai daɗe da barin tasha ba, ba zai kushe ba. Dafa-dukar takan yi ƙamshi, miyar da yajinta, ka ci kana kallon daji yana gudu ta taga. Masu girkin ma sun cancanci a jinjina musu, don girki a ɗaki mai rangaji, tukunya na neman zamewa, ga zafin wuta ga zafin ƙarfe, ba ƙaramin aiki ba ne. Wadda ke ƙorafin hayaƙin icce a tsakar gidanta ta je ta gwada wannan.

Laifin girkin tarago ba a ɗanɗano yake ba, a lokaci yake. Girki ne irin na gidan biki, wanda ake yi a cinye cikin awa biyu a wanke tukunya, sai aka ɗauko shi aka ɗora wa tafiyar kwana da yini. Ana dafa tukunya guda babba, a ɗiba, a rufe, a ɗumama, a sake ɗiba. Wanda ya ci a Badun ya ci abinci, wanda ya zo ci a Minna kuwa sai ya yi sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma zafin da ke cikin tarago da rana tsaka shi ne daidai wanda suke so.

Shinkafa ta fi komai yaudara a nan. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tun daga ɗanyar shinkafa, tafasa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi sai irin ya farka ya yi ta yaɗuwa, yana zubar da wani dafi, shi kuma dafin ko an sake ɗumama shinkafar ba ya mutuwa. Ki duba ki ga tana tururi, ki shinshina ba ki ji komai ba, ashe ganin kitse ake yi wa rogo. Kafin awa 6 sai amai. To a gida ma yaya aka ƙare, balle a jirgin da mutum ɗari ke layin ban-ɗaki ɗaya, ruwan ma ya ƙare tun dare?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, jirgin da rabin tafiyarsa a Arewa yake yi, da wuya ki ga tuwo da miyar kuka a cikinsa. Ba wai son kai nake yi ba, don teba da agushi abinci ne mai kyau kuma masu shi fasinja ne kamar kowa. Amma ki duba kayan miyarmu: kuka gari ce, kuɓewa busasshiya gari ce, daddawa da barkono da busasshen kifi duk ba sa neman firji. Garin masara ko na dawa sai ya yi wata a buhu bai ce komai ba. Miyar kuka minti nawa take ɗauka a wuta? Mai girki zai iya kaɗa 'yar kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, kowa ya ci da zafinta, ba sai an ajiye tumatir da tattasai suna laushi a kwando ba. Kamar don matafiyi aka yi wannan miya, amma ita ce aka bari a tasha.

Sai kuma zancen wa ke iya zuwa taragon. Mace mai goyo, ga wani a hannu, ga kaya a ƙarƙashin kujera, ta yaya za ta ratsa tarago biyar cike da mutane, ta tsallake mahaɗar da ke girgiza, ta je ta zauna cikin maza? Ga shi a nan ne masu shan giya kan taru, hira ta yi sama. Yawancin matanmu ko leƙawa ba sa yi. Sai dai a aiki maigida ko ƙane, shi kuwa ya dawo da abinci a leda ko roba, ya huce, miya ta tsiyaye a hanya, kuɗin kuma ya ninka na gari. Wanda aka tsare a daji ba ya ciniki, abin da aka ce shi zai biya.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne da wannan ciwo. Indiya da muke kallon jiragenta a fim, jarumi na gudu yana miƙa wa jaruma hannu, a 2017 babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto bayan an duba tashoshi 74 da jirage 80, ya ce ana sayar wa fasinja abincin da bai dace ɗan Adam ya ci ba, har da wanda ya lalace da wanda aka sake juyawa. Su kuwa mutanen Japan wata hanya suka bi. Tun da daɗewa suke sayar da abinci a ɗan akwati a tashoshinsu, kowane gari da irin nasa, kuma tun wajen girki an yi shi ne da niyyar a ci shi a huce. Sun fara tambayar kansu yaushe za a ci, kafin su tambayi me za a dafa.

Wannan magana ba ta wuce ba don an dakatar da tsohon jirgi. Sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kilomita 186 ne kawai, tafiyar wajen awa biyu, biskit da ruwa sun isa. Amma a 2021 an ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, kuma ranar da aka haɗa layukan nan doguwar tafiya za ta dawo, yunwarta ma za ta dawo. Duk wanda za a ba kwangilar ciyar da mutane, ba wani abin a zo a gani muke nema a wajensa ba. Ya dafa kaɗan-kaɗan, ya rubuta farashi a allo kowa ya gani, ya sa wurin wanke hannu da sabulu a bakin taragon, sannan ya ɗauki mata ma'aikata su riƙa zagawa da abinci a rufe har kujerar mai goyo.

To bari mu sauko tasha, don a nan ne yawancin fasinja ke cin abincinsu. Jirgi na tsayawa za ki ji kamar an buɗe kasuwa, tire a ka, hannu ta taga, ana miƙa kuɗi ana neman canji, jirgi na busa. A nan akwai abin yabo na gaske. Burodin Agege mai nauyi da laushi, ayaba da lemo a ƙasar Yarabawa, cukun madara da suke kira wara a wajen Ilori, kifin Jabba da aka ciro daga Kwara, doya a Minna, rake idan an doso Zariya. Mutum zai san inda yake ko idonsa a rufe, daga abin da ake talla. Matan nan da 'ya'yansu su ne suka riƙe cikin matafiya shekara da shekaru, ba tare da wani ya ba su rumfa ko famfo ba.

Sai dai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da ke da ɓawo ki ɓare da hannunki, ayaba ko lemo ko gyaɗa ko dafaffen ƙwai wanda bai fashe ba, wannan ki saya hankali kwance. Abin da aka soya a gabanki, ƙosai ko doya yana fitowa daga mai, shi ma ba laifi. Inda za ki ja baya shi ne alale da ya kwana a ganye, da shinkafar da ba ki san yaushe aka sauke ta ba, da kankana ko abarba da aka yanka aka bar wa ƙuda. Mai tallan ba mugunta take yi ba, jirgin da aka ce zai zo da azahar ne bai zo ba sai isha'i, ita kuwa ba za ta zubar da jarinta ba. Mafi haɗari duka shi ne abin sha, zoɓo da kunun zaƙi da aka ɗura a tsohuwar gora, da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. A 2021 kaɗai kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma ta ruwa da abinci take shiga.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu, don mu ma muna da namu. Uwargidan zamani idan za a yi tafiya sai ta tashi da asuba ta yi soyayyar shinkafa da hanta da koren wake, ta yanka kabeji ta zuba masa bama, ta danna duka a kula ta rufe, wai kada a raina ta a cikin jirgi. 'Yar uwa, kula ba firji ba ce kuma ba murhu ba ce. Tana riƙe zafi na 'yan awoyi, daga nan sai ta koma riƙe ɗumi, ɗumin nan kuwa mun riga mun faɗi abin da yake haifarwa. Abincin kula na cin farko ne, a buɗe shi kafin la'asar a cinye a wanke. Wadda ta ajiye shi don karin kumallon gobe ta yi abin da take zargin mai girkin tarago da shi.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da waɗanda suka tafi Makka a ƙasa, ba su san kula ba, amma sun san cewa ruwa ne ke ɓata abinci, don haka duk guzurinsu an raba shi da ruwa. Dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau sai ya yi makonni, shi ya sa har gobe alhazai ke tafiya da shi. Ga kilishi, ga dakuwa, ga ƙuli-ƙuli, ga nakiya da alkaki da dubulan, ga dabino da aya. Garin kwaki da sukari da gyaɗa ya ceci ɗalibai da yawa, in dai ruwan da za a jiƙa shi mai kyau ne. Burodi da dambun nama da ɗan yaji ya fi wata dafa-dukar daɗi a daren jirgi, kuma ba ya neman cokali. Abin da kawai suke buƙata shi ne a fara su tun saura kwana biyu ko uku, don ba a fafe gora ranar tafiya. Dambun da aka yi cikin gaggawa aka sauke da sauran danshi, shi ma kwana biyu zai yi fumfuna.

Mai jariri kuwa, nono ya fi mata komai sauƙi a hanya, don madarar da aka dama a kwalba aka ajiye ba ta jure zafi, kwalbar kuma ba inda za a wanke ta da kyau. Wanda ya fara cin abinci a tafi masa da garin kununsa a bushe da tafasasshen ruwa a filas, a dama daidai wanda zai sha a lokacin. Ki ware gora guda ta wanke hannu da guntun sabulu, kada ki haɗa ta da ta sha. Sannan ki saka ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu ko uku a jakar hannunki. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai gudawa kaɗan-kaɗan har a kai tashar da ke da asibiti.