Shekarar 1836 da abin da take rufewa: sharhi kan yadda ake rubuta tarihin zaman Tsibirin Gobir da ƙauyukanta

Manufarmu a wannan ƴar maƙala ita ce mu duba wani shafi da ba a cika kula da shi ba, wato shafin tarihin zama da ake buɗe kundin tsarin raya ƙaramar hukuma da shi, wanda kuma ɗalibai kan kwashe kusan kalma da kalma su zuba a babin farko na kundayen bincikensu. Tun da dokokin 2002 suka raba Nijar zuwa ƙananan hukumomi 265, aka kuma yi zaɓensu na farko a watan Yulin 2004, kowace komin ta wayi gari tana bukatar tarihi nata na kanta. Mun ɗauki misalin Tsibirin Gobir da ƙananan hukumomin karkara da ke maƙwabtaka da ita a gundumar Gidan Rumji, irin su Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili.

Labarin da shafin kan bayar sananne ne. Gobirawa sun gangaro daga Abzin, sun zauna Birnin Lalle, daga baya suka kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfara. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da ta Katsinar Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Bayan haka Mayaƙi ɗan Yakuba, da taimakon Ɗan Mari na Maraɗi, ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Wajen 1860 gidan sarautar ya rabu, Ɗan Halima ya koma Sabon Birni. Sai jerin sunayen sarakuna, sai zuwan Nasara, sai ɗaga sarautar zuwa matsayin sultan a 2010. Shi ke nan, a juya shafi a shiga lissafin ruwan sama.

Ba mu da ja da waɗannan shekaru. Tambayarmu ita ce: mene ne aka kafa a 1836? Abin da labarin ya nuna shi ne ranar da wata fada mai gudun hijira ta sami wurin aje kayanta. Wannan daban, ranar da mutane suka fara sassabe da shuka a kwarin gulbi kuma daban. Shafin yana haɗa biyun a kalma ɗaya, “kafuwa”, mai karatu kuwa ya tashi da zaton cewa kafin Mayaƙi babu kowa sai namun daji.

Kuskuren yana da asali, kuma ana iya bin sawunsa. Mafi yawan abin da ake maimaitawa ya samo tushe daga bayanan da tafinta Landeroin ya tattara lokacin tawagar Tilho, daga 1906 zuwa 1909, waɗanda aka buga a juzu'i na biyu na Documents scientifiques de la mission Tilho a 1911. Aiki ne mai daraja, domin Landeroin ya zanta da mutanen da suka ga ƙarni na 19 da idonsu. Amma a tuna aikin da ya kawo tawagar: shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila. Abin da mai shata iyaka ke son ji shi ne wane sarki ke bin wane, wa ke kai gaisuwa Sakkwato, wa bai taɓa kaiwa ba. Tsibiri da Maraɗi, da suka shafe shekaru da dama suna yaƙi da Sakkwato, hujja ce mai kyau a hannun Faransawa. Saboda haka ƙofar fada aka nufa, fadawa da maroƙan sarki aka tambaya, su kuwa suka ba da abin da ke hannunsu, wato sarauta da yaƙi. Urvoy a 1936 da Séré de Rivières a Histoire du Niger na 1965 sun bi wannan turba, suna ƙarawa da rahotannin kwamandoji. Daga gare su labarin ya shiga littattafan lakwal, har ya dawo bakin dattijon ƙauye wanda ɗalibi zai je ya ɗauka a rikoda yana murna ya samu “tarihin baka”. Wannan zagaye ya kamata kowane malami mai duba kundi ya riƙa zarginsa.

To, su wa ke cikin kwarin kafin fada ta zo? Tarihin Maraɗi, wadda ba ta kai kilomita 15 daga Tsibiri ba, ya isa ya ba da amsa. Wajen 1819 mutanen kwarin ne suka yi bore ga wakilin Fulani, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya yi sarauta. Wanda ya yi bore ya kuma kira sarki, ai ya riga sarkin zama. Binciken Guy Nicolas, musamman littafinsa na 1975, Dynamique sociale et appréhension du monde au sein d'une société hausa, ya bayyana waɗannan dangogi na Anna, kowane da gadonsa: na noma, na farauta, na ƙira, na ruwa. Su ne ke da alkawari da iskokin wuri, su ke buɗin daji, a cikinsu ne manomi ke yin bikin dubu ya zama sarkin noma. Sarakuna sun mallaki mutane, amma sai da suka nemi yardar masu ƙasa. Ko matsayin Inna a fadar Gobir, wadda ke shugabantar bori, ba a fahimtarsa sosai in an cire wannan dangantaka. Abin mamaki, sunan Nicolas ba ya ɓacewa daga jerin manazarta na ɗalibai, amma Anna da ya rubuta a kansu ba sa samun fiye da layi ɗaya a babin tarihi, galibi ƙarƙashin “addinin gargajiya”, kamar ba su da tarihi sai al'ada.

Giɓi na biyu ya fi wannan girma, domin ya shafi yawancin ƙauyukan da ake rubuta kundin dominsu. A ƙarni na 19 jama'a a cunkushe take a bakin gulbi da cikin garuruwa masu ganuwa ko kafi, saboda tsoron hari. Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ratsa daji mai hatsari da kufan Ɗankama, ƙasar da yaƙi ya kore wa mutane. Sai bayan 1900, da hare-hare suka lafa, manoma suka fara hawa jigawa. Wasu ƙasa suke nema, wasu gudun haraji da aikin tilas suke yi, wasu bayi ne da suka bar iyayengijinsu, wasu ƙannai ne da gandu ya yi musu kaɗan. Mutum ya yi tunga, ya haƙa rijiya, in ruwa ya samu dangi su biyo shi, wurin ya ɗauki sunansa. Sunayen da kansu shaida ne: Gidan wane, Garin wane, Zangon wane, Rugar wane. Noman gyaɗa, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1930 har farin 1973 da 1974 ya durƙusar da shi, ya ƙara wa wannan yaɗuwa gudu. Masu bincike na ƙungiyar Claude Raynaut, da suka gwama hotunan sama na 1957 da na 1975, sun nuna yadda gonaki suka cinye saura da daji a jahar Maraɗi cikin ƙasa da shekara 20. Ƙauyen da aka haƙa rijiyarsa a zamanin kakan mai gari na yanzu, in aka fara tarihinsa da Birnin Lalle, an ara masa riga ce da ta fi ƙarfinsa, an kuma tuɓe masa tasa.

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce, shafi ɗaya ne ba mai karantawa. Ba mu yarda ba. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar ƙasa ta hanyar gargajiya, a gargajiyance kuwa babbar hujja ita ce wa ya fara sara, wa ya haƙa rijiya. Duk takardar da ke ɗauke da hatimin hukuma tana iya zama shaida ranar da rikici ya tashi. Fulani da Buzaye sun yi kiwo a wannan jigawa kafin gonaki su rufe ta, burtali da mashaya suna da tarihinsu, amma shafin kan ambace su a ƙarshe a matsayin “baƙi” ba tare da shekara ba. A ƙauyen Toda na wannan jaha ne aka kashe mutum fiye da 100 a watan Oktoban 1991, yawancinsu mata da yara na makiyaya. Ba mu ce rubutu ne ya jawo haka ba. Muna cewa dai rubutun da ya mayar da wani baƙo a ƙasar da kakansa ya shayar da shanu ya ɗauki ɓangare, ko marubucin ya sani ko bai sani ba.

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi mana: labarin ƙauye ma yana da nasa ƙirar. Kusan ko'ina maharbi ne ya bi nama ya tarar da ruwa ƙarƙashin wata itaciya, kuma gidan mai gari ne ke ba da labarin, shi ma da bukatarsa. Gaskiya ne, sauya fadar sarki da zauren mai gari ba zai warkar da komai ba. Amma Nicole Echard, a L'expérience du passé na 1975, ta gwada a ƙasar Adar cewa in aka tambayi kowane rukuni hanyar da ya biyo da wanda ya tarar, aka jera amsoshin gefe da gefe, saɓaninsu yana koyar da abin da labari ɗaya ba ya koyarwa. A ƙauyukan Gobir aikin ya ma fi sauƙi, tun da zamanin bai yi nisa ba. Ana iya ƙirga masu gari daga na yau zuwa mai rijiya, a tambayi unguwar maƙera da ruga dabam da gidan sarauta, a tambayi tsofaffin mata garin da aka auro su da garin da aka auro iyayensu, sa'an nan a gwama da takardun ƙidayar haraji na kanto da ke gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, inda sunan ƙauye kan bayyana a shekarar da mai mulki ya fara karɓar kuɗinsa.