Ginshiƙin Aro da Dajin da Ba Mai Shi: Nazari a kan Gini da Zanen Hoto a Amurka, 1785–1872

1. Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a ƙarni na 19 magina da masu zanen hoto na Amurka aiki guda suka yi wa ƙasarsu, ko da yake kowa da irin kayan aikinsa. Magina sun aro fasalin gine-ginen Girkawa da Rumawa na dā don su samar wa jaririyar ƙasa asali. Masu zane kuwa sun zana duwatsu da koguna da dazuzzuka ta yadda mai kallo zai zaci ƙasa ce da ba ta da mai ita. Za a auna wannan ra'ayi da aikin Thomas Cole, saboda ya sa hannu a fannonin biyu, kuma ya fi takwarorinsa nuna shakka game da inda aka dosa.

2. Gine-ginen aro

A shekarar 1785, lokacin da Thomas Jefferson yake wakiltar ƙasarsa a Faransa, ya tsara ginin majalisar jihar Virginia bisa fasalin wani ɗakin bauta na Rumawa da ke garin Nimes. Bayansa William Strickland ya gina wa Bankin Amurka na Biyu mazauni a Filadalfiya, aka gama a 1824, da ginshiƙai takwas a gaba irin na Parthenon na birnin Atina. Daga nan har wajen 1860 wannan salo ya game ƙasa: kotu, banki, coci, har gidan manomi. Inda babu dutse, sai kafinta ya duba littafin misalai irin na Asher Benjamin, ya sassaƙa ginshiƙi da katako, ya shafa masa farin fenti. Sababbin garuruwa ma sunayen aro aka raɗa musu, kamar Troy da Ithaca da Syracuse.

Manufar a fili take, wato a ce Amurka ce magajiyar mulkin jama'a na Atina da jamhuriyar Rum. To, amma a kan wace ƙasa aka kafa ginshiƙan? A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar da ta ba da damar kwashe 'yan asalin ƙasar zuwa yammacin kogin Misisifi. A 1838 soja suka tasa ƙeyar al'ummar Cherokee, an kuma ƙiyasta cewa kusan mutum 4,000 suka mutu a sanadin haka. A kudu kuwa, bayi ne suka ɗora ginshiƙan manyan gidajen gandu irin Oak Alley na Louisiana, wanda aka gama a 1839. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

3. Gwiwar kogi

An haifi Cole a Ingila a 1801, ya zo Amurka a 1818, ya yi suna a 1825 da hotunan tsaunukan da ke gefen kogin Hudson. Hotonsa na 1836 da aka fi sani da suna Oxbow yana nuna wata gwiwa ta kogin Connecticut kamar yadda ake hangenta daga kan dutsen Holyoke. Ya raba hoton gida biyu. A hagu ga ƙungurmin daji, ga itacen da iska ta karya, ga baƙin hadari. A dama kuwa gari ya washe, ga gonaki a shate, ga hayaƙi yana tashi nan da can. A ƙasa, cikin duwatsu, ya zana kansa ɗan mitsitsi da kayan zanensa, ya waiwayo yana duban mai kallo.

Wasu manazarta na ganin hoton yabo ne ga saran daji, tun da haske yana wajen gonaki. Wasu na ganin gargaɗi ne, tun da mai zanen a ɓangaren daji ya zauna. A ganina duka biyun suna da hujja, kuma wannan rashin yanke hukunci shi ne ƙarfin hoton. Sai dai akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika tambaya ba: ina mutanen da suka noma masara a wannan kwari tun kafin zuwan Turawa? Cole ya sa mu zaɓi tsakanin daji da gona, kamar dai ba a taɓa yin wata al'umma ta uku ba.

4. Tafarkin daula

Tsakanin 1833 da 1836 Cole ya zana wa wani attajiri na Niyok, Luman Reed, jerin hotuna biyar da za a iya fassara sunansu da Tafarkin Daula. Wuri ɗaya ne a dukkansu, ana gane shi da wani tsauni mai ɗauke da dutse a kansa. Na farko zamanin farauta ne, na biyu na kiwo da noma. A na uku birni ya cika ya batse, ko'ina fararen ginshiƙai. A na huɗu abokan gaba sun auka masa da wuta. A na biyar ba kowa, sai ginshiƙi guda a tsaye, tsuntsu ya yi sheƙa a kansa. Duk wanda ya ga waɗannan hotuna a Niyok a 1836, ya fito titi, irin ginshiƙan nan zai tarar a jikin bankuna da coci-coci. Ke nan Cole yana cewa wanda ya gaji adon Rum zai iya gadon ƙarshenta.

Amma duk da haka, a 1838 shi wannan Cole ɗin ya shiga gasar tsara ginin majalisar jihar Ohio, ya zo na uku, kuma ginin da aka gama a 1861 ya ɗauki abubuwa da dama daga tsarinsa, da ginshiƙansa na Girka. Ana cikin wannan aiki, a 1843, aka fitar da al'ummar Wyandot daga jihar. A nan ne iyakar sukar Cole ta bayyana. Ya yi juyayin itatuwan da gatari ya sare, ya ji tsoron girman kai da son dukiya, amma bai tuhumi haƙƙin mallakar ƙasar ba.

5. Bayan Cole

Cole ya rasu a 1848, kuma shakkarsa ba ta sami magada da yawa ba. A 1861 zuwa 1862 Emanuel Leutze ya yi wani babban zane a bangon Majalisar Dokoki a Washinton, wanda sunansa ya ɗauko maganar tafarkin daula, amma ya mai da ita kirari: ayarin masu ƙaura sun hau tsauni, suna nuna yamma da murna. Gwamnati ce ta biya shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Albert Bierstadt ya bi ayarin safiyo na Frederick Lander a 1859, ya zana tsaunukan Rocky a 1863, da zangon mutanen Shoshone a gindinsu cikin kwanciyar hankali. An sayar da hoton dala 25,000 a 1865. A watan Janairu na shekarar da aka zana shi, soja sun kashe Shoshone fiye da 200 a bakin kogin Bear. Haka kuma Thomas Moran ya je Yellowstone a 1871 da tallafin Jay Cooke, mai zuba kuɗi a hanyar jirgin ƙasa. Zane-zanensa sun taimaka aka keɓe wurin ya zama gandun ƙasa a 1872, majalisa kuma ta sayi babban hotonsa dala 10,000. An tsare dajin, amma ba a bar mazaunansa a ciki ba.

6. Kammalawa

Ba nufin wannan takarda ba ne a ce waɗannan ayyuka ba su da kyau, ko kuwa duk farfaganda ce. Gwanintar Cole wajen sarrafa haske da hadari ba abin musu ba ce, kuma da ba su da kyau da ba su yi tasiri ba. Abin da ake nufi shi ne, ginshiƙi ya ba sabuwar ƙasa dogon tarihin da ba nata ba, hoto kuma ya ɗauke wa tsofaffin masu ƙasar nasu tarihin. Saboda haka ya kamata mai nazari, in ya tsaya gaban irin waɗannan ayyuka, ya yi tambaya uku: wa ya biya, wa ya yi aikin, wa kuma aka bari a waje. Ina fata masu sauraro za su gyara mini inda na yi kuskure.