Kyamara a Kan Kanta, Dodo a Cikin Kwali

Shekarun baya na sayi wata tsohuwar kyamara ƙirar Yashica, mai ido biyu, a hannun wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sana'ar hoto a garinmu. Mun fi awa guda muna ciniki. Na duba gilashinta a rana, na murɗa hannunta, na kasa kunne na ji ƙarar ƙyaurenta, sannan na biya na tafi ina murna. Sai bayan shekara guda ya faɗo mini a rai in tambaye shi inda dodannin hotunansa suke, wato fina-finan da aka wanke, waɗanda daga jikinsu ake fitar da hoto a takarda. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka makara. Suna cikin kwali a ɗakin baya, rufi ya yi yoyo, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Ai ba wanda ya taɓa tambaya." Angwaye da amare, 'yan makaranta, mahajjata da mahaya dawakin sallah na shekaru masu yawa, duk sun tafi a damina ɗaya. Ni kuwa na tsira da akwatin ƙarfe. Tun daga ranar nake tuhumar wannan sha'awa ta tara tsofaffin kyamarori, wadda ni ma ina cikin masu ita.

Sha'awar ba ƙarama ba ce a duniyar yau. A 2012 kamfanin Kodak, wanda ya sa kyamara a hannun talaka da Brownie ta dala ɗaya tun 1900, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi, mutane da yawa suka ɗauka an yi wa fim jana'iza. Ashe da sauran numfashi. A 2018 Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome, a 2022 Leica ya sake ƙera samfurin M6, a 2024 kuma aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Matasan da aka haifa bayan zuwan wayar salula su ne ke bin kasuwannin gwanjo suna neman abin da iyayensu suka yar. A watan Yunin 2022 aka yi gwanjon wata Leica ta gwaji ta 1923, wadda ta taɓa zama a hannun Oskar Barnack, mai ƙirƙiro ta, a kan Yuro miliyan 14.4.

Ba na cikin masu cewa wannan duk wauta ce. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwar kyamara tana da tarbiyyar da take yi wa mai riƙe da ita. A ɗauki Rolleiflex, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1929, wadda kuma Yashica tawa kwaikwayonta ce. Naɗin fim guda hoto 12 kacal yake ba ka. Ba a kai ta ido. A ƙirji ko a ciki ake rataye ta, a sunkuya a leƙa ta sama, inda surar mutum take bayyana a kan gilashi, damansa ya koma hagu. Saboda haka mai ɗaukar hoto yana tsaye ne kansa a sunkuye, kamar mai gaida babba, wanda ake ɗauka kuma yana ganin fuskarsa, ba a ɓoye take bayan ƙarfe ba. Ƙarancin fim yana hana gaggawa, tsadarsa tana sa a yi shawara kafin a danna. Wannan ladabi shi ne ainihin abin da ke cikin akwatin, kuma ba ya fitowa sai an yi aiki da shi.

Wanda ke son ganin inda ladabin nan ya kai ƙarshe, ya dubi aikin Seydou Keïta na Bamako. Kawunsa ne ya ba shi Brownie a 1935, ya kuma buɗe shagonsa a 1948. Babbar kyamara yake amfani da ita, mai dodo santimita 13 da 18, yawanci a tsakar gida da hasken rana, kuma sau ɗaya yake danna wa mutum saboda tsadar kayan aiki. Akwai hotonsa na wani saurayi sanye da fararen kwat, da tabarau, da alƙalami a aljihu, yana riƙe da fure a kusa da fuskarsa. Duk lokacin da na dube shi, natsuwar saurayin ce ke kama ni. Ba satar hotonsa aka yi ba. An zauna da shi, an gyara masa kafaɗa, an karkata masa fuska, shi ma ya zaɓi yadda yake so a tuna da shi. Keïta yana ajiye rediyo, agogo, babur da tufafi domin masu zuwa su ara, yana kuma rataya zane mai ado a baya, har adon zanen ya yi gogayya da na atamfar mace ba tare da fuskarta ta ɓace ba. Wasu sun ce wannan hoton ƙarya ne, tunda rediyon ba na mai hoton ba ne. Ni ina ganin akasin haka. A zamanin da Turawan mulki ke ɗaukar ɗan Afirka kamar samfurin ƙabila, Keïta ya bar mutum ya faɗi burinsa da kansa. Buri ma gaskiya ce, kuma dannawa ɗaya ta isa ta kama shi idan an yi haƙuri.

Malick Sidibé, wanda ya biyo bayansa a wannan birni, shi ya fitar da kyamara daga shago ya bi matasa wuraren rawa da bakin kogin Neja. A hotonsa na 1963 da aka fi sani, saurayi da budurwa suna rawa, kawunansu sun kusa haɗuwa, idanunsu a ƙasa suna lura da sawu, ita ba takalmi. Ba abin da ya yi yawa a ciki, ba abin da ya rage. A 2007 ya zama mai ɗaukar hoto na farko da aka ba Zakin Zinariya na bikin fasaha na Venice saboda aikin rayuwarsa. Abin da ya shafi zancena shi ne shagonsa na unguwar Bagadadji, inda kantoci suke cike da tsofaffin kyamarori. Shi ma mai tarawa ne, amma mai gyara ne, wanda ya san cikin kowace. Kusa da su kuma akwai kwalayen dodanninsa, an rubuta wa kowane kwanan wata. Tarin nasa na mai sana'a ne: kayan aiki a gefe, amfanin gona a gefe, bai fifita garma a kan hatsi ba.

A nan ne nake ganin yawancinmu masu tarawa mun bar jaki muna dukan taiki. Mun mai da sunan kamfani abin alfahari, muna haddace lambobin samfuri, muna jera kyamarori a bayan gilashi kamar kwanukan jeren amarya. Alhali kyamarar da ba ta aiki mutuwa take yi a hankali: man da ke cikin ƙyaurenta ya daskare, laima ta sa gilashinta ya yi fumfuna, ƙurar hunturu ta shige haƙoranta. Mai ajiye ta don kada ta lalace, shi ne ke kashe ta. Kuma kyamara irin tawa an ƙera dubbai, idan ta mutu akwai wata a kasuwa. Dodo kuwa guda ɗaya ne tak a duniya, domin shi ne hasken da ya taɓa fuskar mutumin a ranar ya faɗa a kansa. Zafi da laima suna cin sa, har ya riƙa warin tsami, ya lanƙwashe, surar ta ɓace.

Labarin Keïta kansa hujja ne. A 1991 an baje wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, a matsayin aikin wani mai hoto da ba a sani ba daga Bamako. Da André Magnin ya zo nema, Sidibé ne ya gane hannun ya nuna masa gidan. Abin da ya sa duniya ta san Keïta ba kyamararsa ba ce. Dubban dodannin da ya adana ne. Sai dai ko a nan akwai abin lura. Hoton da aka yi daidai tafin hannu domin a aika wa dangi, an faɗaɗa shi ya fi mita, an rataye a Faris ana sayarwa da tsada, yawancin mutanen ciki kuma ba suna. An ceto surar, amma labarin mai surar ya zube a hanya, har aka yi ta shari'a kan mallakar dodannin bayan rasuwarsa a 2001. Darasin shi ne, idan masu gida ba su san darajar abinsu ba, baƙo zai sani, kuma da sharaɗinsa zai adana.

Mai karatu na iya cewa fim ya yi tsada, wuraren wanke shi sun yi ƙaranci, waya kuma ta ba kowa damar da a da sai mai hali. Gaskiya ne, kuma ba na fatan a koma baya. Abin da nake ƙi shi ne son tsohon abu wanda bai damu da tsofaffin mutane ba. A Kano, Zariya, Damagaram da Maraɗi an yi masu shagon hoto da suka ga abin da littattafan tarihi ba su rubuta ba: ɗinkin da aka yi yayi, kitson da aka daina, fuskar gari kafin a rushe shi. Wasunsu suna raye, kwalayensu na ɗakin baya.

Har yanzu ina loda wa Yashica fim, ina sunkuyawa a gaban wanda zan ɗauka, ina rubuta sunansa da ranar a jikin ambulan. Amma yanzu idan na shiga shagon tsohon mai hoto, ba na fara duban kanta. Nakan gaishe shi, in zauna, in ce, "Baba, ina kwalayen?"