Nauyin Gita Ba a Jikin Gita Yake Ba

Wani mai situdiyo da muke mutunci da shi, wanda ya haura shekara goma yana buga wa mawaƙa fiyano, na kunna masa wani kiɗan metal da na haɗa a ɗakina. Bai kai minti ɗaya ba ya zare iyafis ya ce, "Malam, wannan ai injin markaɗe ne. Duk wanda ya murɗa maɓalli ya kai shi ƙarshe zai fitar da wannan ƙarar." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Da murɗa maɓalli ke kawo nauyi, da duk yaron da ya mallaki kwamfuta da gita ya zama gwani. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Ka murɗa maɓallin kaushi ya kai ƙarshe, ka ji gitar ita kaɗai tana gurnani kamar zaki, ka zuba ta cikin ganguna da bas da murya, sai ta koma kamar sauro a cikin gwangwani.

Asalin wannan sauti ɓarna ce aka yi da gangan. A 1958 Link Wray ya huda sifikarsa don ya samu kaushin da ake ji a "Rumble". A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga tasa. A 1970 Black Sabbath suka fito daga Birmingham ta Ingila, da makaɗinsu Tony Iommi wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu, daga baya ya sassauta tsirkiyoyinsa, sautin ya ƙara nutsewa ƙasa. A 1979 kamfanin Tascam ya fitar da Portastudio, rikoda mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset, situdiyo ya shigo ɗakin kwana. Yau kwamfuta ta maye gurbin kaset, har amfilifaya ma ta koma manhaja. Matsalar dai tana nan inda aka bar ta.

Gitar rakiya mai kaushi baƙuwa ce marar kunya, wadda in ta shigo gida sai ta shimfiɗa tabarmarta tun daga zaure har ƙuryar ɗaki. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa a wajen 82 Hz, ƙasa da haka ma in an sassauta ta, wato ta taka gonar bas da babbar gangar ƙafa. Kaushin kuma yana haifar da 'ya'yan sauti bila adadin waɗanda ke hawa har inda muryar mawaƙi take, su wuce su cakuɗe da faya-fayen ƙarfe na mai ganga. Ba ta numfashi, ba ta tsagaitawa. Aikin mai haɗa sauti shi ne ya nuna mata wurin zamanta.

Dabarar da na fi ƙauna, wadda kuma nake ganin ita ce gadon bayan wannan fanni, ita ce kaɗawa sau biyu. Ka ɗauki kiɗan daga farko zuwa ƙarshe, ka tura shi kunnen hagu gaba ɗaya. Ka sake ɗaukar gitar, ka sake kaɗa abin nan dai da ka kaɗa, ka tura shi kunnen dama. Tsakiya ta zama fili, bas da gangar ƙafa da murya su zauna a wurin ba mai takura musu.

Nan ne malalaci ke cewa, ai ga kwamfuta, me zai hana in kwafi layin farko in manna a ɗaya gefen? Gwada ka gani. Sauti ɗaya tak da ke fita daidai wa daida daga sifika biyu, kunne a tsakiya yake jin sa. Ba ka faɗaɗa komai ba, ƙara kawai ka ƙara. Sai a ce to a ɗan jinkirta kwafin. A iyafis za ka ji kamar abin ya buɗe, ka yi murna. Ranar da aka kunna waƙar a waya mai sifika ɗaya, gefen biyu suka haɗe, sai asiri ya tonu: jinkirin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa yana sa kwafin ya cinye asalin a 50 Hz, da 150, da 250, haka har sama, kamar haƙoran mataji. Gitar ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin bututun ruwa. Ko Ken Townsend, injiniyan situdiyon Abbey Road da ya ƙirƙiro ninka murya da na'ura a 1966 saboda John Lennon ya ƙosa da rera abu sau biyu, abin da ya ba dabarar tasa rai shi ne ana wasa da gudun tef ɗin, kwafin ya riƙa ɗan gaba ɗan baya kamar mutum.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Me ya sa amshi ke cika kunne? Mutum biyar ne ke faɗin kalma ɗaya, amma kowa da maƙogwaronsa, wannan ya riga da ƙiftawar ido, wancan ya ɗan ja ƙarshen baiti. Ɗauki muryar ɗan amshi ɗaya ka ninka ta sau biyar, ba za ka taɓa samun amshin Shata ba, mutum ɗaya za ka samu yana ihu. Ɗan bambancin nan da ke tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu shi ne faɗin. Amma fa ɗan bambanci na ce. In ya yi yawa, amshi ya zama kasuwa.

Wannan iyakar ita ce wahalar aikin duka. Akwai daren da na zauna kan wani yanki da bai wuce daƙiƙa ashirin ba, irin bugun nan da ake danne tsirkiya da gefen tafin hannu a fitar da "jug, jug, jug". Na hagu ya fita lafiya. Na dama na ɗauka ya fi sau talatin. A fuskar kwamfuta bugun kan fito kamar jerin kunya a gona, kowace kunya ta hagu da 'yar'uwarta a dama. Ta bakwai ce kullum ke makara, tazarar ba ta kai faɗin farce ba a allon, amma da na rufe ido sai in ji kiɗan ya karkata hagu ya dawo, kamar mota ta faɗa rami. Daga baya na gane ba wurin bugawa nake makara ba, wurin yin shiru ne. Hannuna na barin tsirkiyar ta ci gaba da amo bayan ta hagu ta mutu. A wannan kiɗa, inda sauti ya tsaya ya fi inda ya fara muhimmanci, domin shirun da ke tsakanin bugu biyu nan ne gangar ƙafa ke leƙowa. Na yanki tsohuwar safa na ɗaure wuyan gitar daga can sama don tsirkiyoyin da ba na taɓawa su daina gunaguni, na sake saita ta, don bayan ɗauka uku ko huɗu takan zame, sannan aka dace. Da na tashi ana kiran assalatu.

Kaɗawa sau biyu tana zuwa da sharaɗi: sai ka rage kaushi. Kaushi matse sauti yake yi, ya daidaita bugu mai ƙarfi da marar ƙarfi, ya shafe ɗan "tak" ɗin nan na lokacin da robar kaɗi ta sari tsirkiya. Layi biyu masu kaushi rabi-rabi in sun haɗu sun fi layi ɗaya da aka ƙure nauyi nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu wannan sana'a ke sa Tube Screamer, ɗan koren akwatin nan na kamfanin Ibanez, a gaban amfilifaya, su kashe kaushinsa kusan gaba ɗaya su ɗaga ƙararsa. Ba ƙarin gurnani suke nema ba. Akwatin yana rage ƙasan sautin kafin ya shiga amfilifaya, ya tura tsakiyarsa gaba, bugun ya tsuke. Bayan an ɗauka kuma a sa ikwalaiza a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz, a rarrashi tsatsar da ke sama da 10,000. In ka saurari gitar ita kaɗai bayan wannan aski za ka tausaya mata. Kada ka saurare ta ita kaɗai. Ba wanda zai taɓa jin ta haka sai kai.

Masu cewa a ɗauka sau huɗu, biyu hagu biyu dama, ban hana su ba, amma wanda bai iya daidaita biyu ba, huɗu laka zai kwaɓa. Masu kwashe tsakiyar sauti su bar sama da ƙasa kawai, don a ɗaki yana ba su daɗi, sun zubar da tuwo sun riƙe kwano. Masu cewa sai ka sayi manhaja kaza kuwa, a tuna musu cewa makirfon Shure SM57, wanda ke kasuwa tun 1965 kuma ba ya cikin masu tsada, shi aka kafa a gaban sifikar fayafayan da ba su ƙirguwa.

To ina nauyin yake? Saurari ...And Justice for All na Metallica, na 1988. Hannun daman James Hetfield ba shi da na biyu a wannan fage, gitocin a tsuke suke kamar an auna da ma'auni, amma an binne bas ɗin Jason Newsted har kusan ba a jin sa. Faifan yana da kaifi, ba shi da gindi. Masoyansa na cewa bushewar ita ce armashinsa. Ni ban yarda ba, kuma su kansu da suka je wurin furodusa Bob Rock a faifan 1991 ai da bas ɗinsu suka fito. Abin da kunne ke kira nauyin gita, rabinsa bas ne ke ɗauke da shi a ɓoye, sauran kuma gangar ƙafa ce da ta faɗi a daidai inda hannun makaɗi ya faɗi.

Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina faɗa ana mini kallon mai son zuciya: makaɗin gitar rakiya makaɗin ganga ne da ƙaddara ta miƙa wa gita. A AC/DC, Angus Young ne ke tsalle cikin kayan 'yan makaranta, shi ake ɗauka hoto. Yayansa Malcolm, wanda ya rasu a 2017, ya kasance yana can baya kusa da ganguna da tsohuwar Gretsch ɗinsa, kaushinsa ɗan kaɗan, bugunsa kamar na maƙeri. Kunna Back in Black na 1980 da iyafis, ka bi gita ɗaya a wannan kunne ɗaya a wancan, za ka ga inda ginin ya tsaya. Ba sai mun je nesa ba ma. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, duniya na yabon yatsunsa, kuma sun cancanta. Amma a Afrique Victime na 2021, ka ɗan kau da kunne daga kansa ka bi Ahmoudou Madassane, mai gitar rakiya, wanda ke maimaita abu ɗaya ba gajiya kamar mai kuntuku a bayan kalangu. A kan wannan daɓen ne Mdou ke rawa.

Ga abokina mai situdiyo, wanda na san zai karanta wannan, ƙofar ɗakina a buɗe take. Zan miƙa maka gitar, in murɗa maka maɓallin ya kai ƙarshe kamar yadda ka ce, in saki kilik ɗin da ke ƙirga mana lokaci. Daƙiƙa ashirin kawai nake so, sau biyu, hagu da dama. In mun gama sai mu tura a wayarka mu saurara tare.