Makarin bene da baranda: inda manhajar zanen gini ke tuntuɓe

A manhajojin da masu zanen gini ke tayar da samfurin gini da su a kwamfuta, bango ba ya ba kowa wahala. Ka ja layi, ka faɗi kauri da tsayi, sai ya tsaya. Ka sa masa ƙofa, ya buɗe mata wuri da kansa. Wannan dabara ce ta ɗaga manhajar Revit tun fitowarta a shekarar 2000, har kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002 a kan dala miliyan 133. Sai dai akwai wani sashe na gini da har yau bai miƙa wuya ga dabarar ba, wato makarin ƙarfe ko katako ko gilashi da ake kafawa a gefen matakala da baranda, tare da mariƙin hannu da ke kansa. A kuɗin gini ƙaramin abu ne, amma yana cin lokacin mai zane fiye da ƙimarsa.

Tushen matsalar yana cikin yadda manhajar ta ɗauki makari. A wurin Revit, makari tsari ne guda da ake maimaitawa a kan layi. Mai zane zai buɗe wani jadawali ya cika: wace irin sanda, nawa ne tsakaninta da ta baya, wane ginshiƙi zai tsaya a farko, wanne a kwana, wanne a ƙarshe. Daga nan manhajar ta riƙa jera su har layin ya ƙare. A miƙaƙƙiyar baranda aikin yana fita tas. Rigimar tana farawa ne inda lissafi ya bar saura.

Mu ɗauki baranda mai tsawon milimita 3,300, da sanduna masu kaurin milimita 20, da tazarar milimita 100 a tsakaninsu. Kowane zango ya zama 120 ke nan. Zango 27 zai cinye 3,240, saura 60. Ina za a kai wannan 60? Manhajar tana ba da zaɓi: a bar shi a gefe ɗaya, a raba shi biyu a gefuna, ko a baza tsarin ya cike tsawon. In aka baza shi a kan zango 27, tazarar za ta koma 102 da ɗoriya. Ido ba zai gani ba, amma an saɓa doka. A Ingila, ƙa'idar gini da ke sashen K ta ce a ginin da yara 'yan ƙasa da shekara biyar za su iya shiga, kada makari ya bar ramin da ƙwallo mai faɗin milimita 100 za ta ratsa. A Amurka ma'aunin inci 4 ne. Dalili kuwa ƙaramin yaro ne, wanda jikinsa zai iya zurarewa ta tsakanin sanduna kansa ya maƙale. Gogaggen mai walda ya san maganin: ya ƙara sanda ɗaya, zango ya zama 28, tazara ta sauko zuwa kusan 98. Manhajar ba za ta ɗaga wa kowa yatsa ba.

Abin mamakin shi ne, a cikin Revit ɗin nan, kayan zana matakala sun san ƙa'ida. Ana gaya musu iyakar tsayin taki da mafi ƙarancin faɗinsa, in mai zane ya ƙetare su sai gargaɗi ya fito. Makarin da ke zaune a kan matakalar, wanda shi ne ke tsare rai, ba shi da irin wannan mai tsaro.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ƙona wa masu zane rai. Ba a iya kama sanda ɗaya a matsar da ita. Kowace sanda 'yar tsari ce, in ka taɓa tsarin ka taɓa duk makaran da ke amfani da shi a ginin. Idan ginshiƙi ya faɗo daidai kan bututun ruwan sama ko bakin taga, sai dai a kwafi nau'in makarin a ba shi sabon suna, ko a datse layin gida biyu. Haka aiki guda zai tara nau'o'i barkatai waɗanda bambancinsu bai wuce wurin tsayuwar ginshiƙi ɗaya ba. Gilashi ma haka: manhajar tana ɗaukar fallen gilashi a matsayin sanda mai faɗi, don haka ba ya miƙewa ya cike tsakanin ginshiƙai biyu yadda mai yankan gilashi zai yi.

Da abin ya ishe su, masu zane da yawa sun koma zana makari da kayan zana bangon gilashi, domin a can ana iya matsar da kowane layi, a kuma sauya kowane falle shi kaɗai. A hoto abin yana kyau. Amma an karya alƙawarin da aka gina wannan fasaha a kansa, cewa kowane abu a samfuri ya san ko shi mene ne. Mai ƙididdigar kayan gini zai ciro jadawali ya tarar da makari a cikin lissafin bango. In aka fitar da fayil a tsarin IFC, wanda manhajoji daban-daban ke musayar samfuri da shi kuma yake da ajin makari na musamman, sai abin ya isa ga injiniya da sunan bango.

Ba wai ba a taɓa yin gyara ba. Revit 2013 ta ware ƙarfen sama da mariƙin hannu, ta mai da su abubuwa masu zarcewa da ake iya gyara hanyarsu, a ƙara musu tsawo a ƙarshen matakala, a sa musu madogarai a bango. Wannan ya taimaka sosai, domin dokokin kula da masu buƙata ta musamman suna so mariƙi ya zarce takin ƙarshe da kimanin milimita 300. Daga baya, wasu fitowar sun bar makari ya hau kankaren bene da rufi da kan bango, har da ƙasa mai tudu da gangare. Amma jadawalin sanduna ya zauna yadda yake. Sabon mariƙi a sama, tsofaffin sanduna a ƙasa, kuma a mahutar matakala, inda gangare ke haɗuwa da shimfiɗa sannan a yi kwana, nan ake ganin ba su jitu ba: mariƙi ya karye, ko ginshiƙai biyu su cunkushe wuri guda. Manhajar kamar telan da ya iya miƙaƙƙen ɗinki ne amma wuya da hammata suka gagare shi.

Kamfanin Graphisoft na birnin Budapest a Hangari ya bi wata hanya. A ArchiCAD 21, da ta fito a 2017, ya sake gina kayan matakala da na makari daga tushe. Makari ya zama mahaɗai da zangunan da ke tsakaninsu, ana iya shiga ciki a zaɓi ginshiƙi ko falle a gyara shi shi kaɗai, kuma in matakala ta sauya makarin ya bi ta. A ganina wannan ya fi kusa da yadda ake ƙera abin a zahiri. Yana da nasa nauyin: shafukan saiti sun yi yawa, sabon shiga yakan ɓace a cikinsu.

Me ya sa gyaran ke jan ƙafa a Revit? A watan Yulin 2020 wasu manyan kamfanonin zanen gini, akasarinsu na Birtaniya, ciki har da Zaha Hadid Architects da Grimshaw, sun rubuta wa shugaban Autodesk, Andrew Anagnost, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kokawa da hauhawar farashi da tafiyar hawainiyar bunƙasa Revit. Ba a kan makari suka rubuta ba, amma makari misali ne na abin da suke nufi. Ina kuma jin akwai wani dalilin da ya kamata a yi wa kamfanin adalci a kai: duk sabon tsari dole ya iya buɗe tsofaffin ayyukan da aka zana da tsohon jadawali ba tare da ya wargaza su ba.

Inda ya kamata masu gyara su duba shi ne wurin maƙera. Manhajojin zanen ƙarfe irin su Tekla Structures da Advance Steel suna kallon makari a matsayin guntaye: wannan bututu tsawonsa kaza, a nan za a yi walda, ga faranti da notin da za su riƙe shi a kankare. Mai zanen gini ba ya buƙatar duk wannan zurfi, amma yana buƙatar a bar shi ya ce tazara kada ta wuce kaza, manhaja ta nemo adadin sanduna da kanta, ta yi gargaɗi in an saɓa. Yana buƙatar ginshiƙin da zai matsa ba tare da an taɓa sauran ba, fallen da zai cike tsakanin ginshiƙai ko a gangare ne, da jadawalin da zai ƙirga kowace sanda.

A Kano da Kaduna da Abuja, inda matasan masu zane ke aiki da waɗannan manhajoji, giɓin da ke tsakanin zane da maƙera ya fi faɗi. Sau da yawa abin da ke isa hannun mai walda hoto ne mai sheƙi a waya, ba ma'auni. Zai zo da tef bayan an zuba kankare, ya auna, ya yi abin da ya saba. Daga nan ake samun makaran silba masu sanduna a kwance, waɗanda yaro zai taka ya hau kamar tsani, abin da ƙa'idar Ingila ta ce a guje masa a inda yara suke. Nijeriya tana da kundin ƙa'idar gini tun 2006, amma a wurin aiki takardar da ke hannun mai walda ita ce ke aiki. Saboda haka, kafin kamfanonin manhaja su yi nasu, mai zane ya rubuta tsayin makari da iyakar tazarar sanduna da yadda za a dasa ginshiƙi, da lambobi, a kan takardar da za ta je wurin mai walda.